Mai Kwat a Kwale-kwalen Kirikasamma

"Mu ba ma karanta abin da bai riga ya faru ba." Haka Zulaihat ta jiyo wani ma'aikaci yana faɗa wa abokinsa a gidan talabijin, ranar da ta je gwajin karanta labarai. Maganar nan ta ƙi barin ranta.

Da ta dawo Haɗeja sai ta tarar ambaliya ta cinye hanyar garinsu Kirikasamma, dole sai a kwale-kwale. Bayan magariba suka tashi. Ita dai burinta ta isa gida ta gaya wa Inna an ɗauke ta aiki, za ta fara ranar Litinin.

Wani mutum na zaune yana fuskantarta, ya sha kwat. Yayyafi ake yi, amma ko ɗigo babu a kafaɗarsa, kuma idonsa ba ya ƙiftawa. Can sai ya gyara murya, irin muryar nan mai sanyi ta masu labarai.

"Jama'a, barkanmu da warhaka. Wani kwale-kwale ya kife da daren nan a hanyar Kirikasamma. Babu wanda ya tsira."

Zulaihat ta kasa kunne, ba ta ƙara jin motsin filafili ba, kwaɗi ma sun yi tsit. Matar da ke gefenta kuwa, ruwa ne ke tsiyaya daga mayafinta, ga ciyawar kogi nannaɗe a wuyanta.

"Cikinsu har da wata budurwa," in ji mutumin, "wadda za ta fara aiki ranar Litinin."

Ta so ta yi shiru kamar yadda ta saba, amma sanyi ya taso mata har ƙirji.

"Malam," ta ce a hankali, "wannan labarin, ya riga ya faru?"