Takardar da Ba Ta Sha Jan Biro Ba

Ranar Talata Malama ta shiga ofishin 'yan kwana-kwana rungume da fayil, tana ɗage mayafi kada ya taɓa ruwan wankin mota. Saurayin da ta yi wa sallama yana naɗe tiyo ne. Ya ɗago zai amsa, tiyon ya sulale daga hannunsa ya warware har bakin ƙofa.

"Ina koyar da nazarin rubutu a sakandare," ta ce. "Wannan zangon muna karanta labaran bala'o'i, ambaliya da gobara da girgizar ƙasa. So nake ɗalibaina su ji daga wanda ya shiga wuta da ƙafarsa."

Ya miƙo mata rahoton aiki. An kira ƙarfe kaza, an isa ƙarfe kaza, an kashe.

"Wannan ai ƙashi ne ba nama. Ina ƙaurin? Ina ihun mutane? Me idonka ya fara gani?"

"Hayaƙi, ranki ya daɗe. Amma yau ya ga abin da ya fi."

Ta harare shi, amma ta ba shi lambarta, wai don aiki.

Aikin nan bai ƙare ba har wata uku. Ta koya masa jigo, wato saƙon da rubutu ke ɗauke da shi. Ta koya masa kambamawa, inda marubuci ke zuzuta abu ya wuce yadda yake, da mutuntarwa, inda za a ce wuta ta lashe rufi kamar mai harshe. Ita tana ce masa Mai Hula, shi yana ce mata Jan Biro. Daga ƙarshe ya rubuta mata shafi biyu a kan gobarar layin teloli, ya kuma aika kawunsa wurin Babanta.

Baba, tsohon shugaban makaranta, ya girgiza kai.

"Ba ni da ja a kan halinsa. Amma mutumin da kowa ke gudu waje shi yana gudu ciki? 'Ya ɗaya gare ni."

Baba yana da nasa ɗan takarar, ɗan abokinsa, ɗan jarida mai yawan turare. Shi ma ya aiko wa Malama da shafi biyar a kan ambaliya.

Wata Asabar Mai Hula ya zo gaisuwa. Ta shiga kawo ruwa, ta bar fayil a buɗe a kan teburin falo. Da ma ya kau da kai! Takardar ɗan jarida ce a sama, ta sha jan biro tun daga take har ƙarshe, nan layi, can da'ira, ga ƙananan rubutu a gefe. Ya ɗaga ta, ga tasa a ƙasa, fes, ko ɗigo babu.

Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. A ofishinsu, rahoton da oga bai taɓa da biro ba, shi ne wanda bai karanta ba. Ya ajiye takardun, ya ce an kira shi aiki, ya fita ko ruwan bai sha ba.

Kishi mugun malami ne, don duk abin da ta koya masa sai ya juya shi a kanta. Ta turo masa saƙo: "Ka isa lafiya? Ina ta makin, kaina har ciwo yake."

Ya zauna a bayan motar kashe gobara yana nazarin saƙon kamar ranar jarrabawa, sannan ya amsa:

"Na karanta a tsanake kamar yadda kika koya mini. Jigo: gajiya da ni. Salo: sanyi. Hujja: babu Mai Hula a ciki. Allah ya ba da sa'ar makin, shafi biyar ai ba wasa ba."

"Au, fayil ɗina ka buɗe?"

"A buɗe na same shi. Shi awa nawa kika zauna masa? Ni ko waƙafi ban samu ba."

Kwana huɗu bai kira ba. Abinci ma sai abokan aiki sun yi da gaske kafin ya ci. Ya sayi jaridar mutumin har sau biyu, don kawai ya ji haushi da hujja. Ita kuma ta yi kuka ta share, haushi ya biyo baya. Rana ta biyar ta rubuta:

"Gobe ƙarfe goma, aji na uku a hannun dama. Ka zauna a baya, kada ka ce uffan. In ba ka zo ba, na fahimci naka jigon."

Ya zo. Ya tarar da Baba a kujerar baya, shi ma an gayyato shi. Suka gaisa a taƙaice.

Malama ta raba kwafin takardar ɗan jarida.

"Ku nemo mini abin da marubucin ya gani da idonsa."

Aka shiga juya shafi. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, ya ce ruwa ya kai sararin sama, amma bai faɗi ko gida ɗaya ba."

"Me ake kiran wannan?"

"Kambamawa!" ajin ya amsa.

"Duk inda kuka ga ja, wurin da ya zuzuta ne ba hujja. Ni abin da zan gyara nake sa wa biro."

Mai Hula ya ji kamar ya shige ƙarƙashin benci.

Sai ta ɗauko shafi biyun nan, ta karanta da kanta. Yadda ƙarfen ƙofa ya ƙona safar hannu. Yadda wani tsohon tela ya ƙi fita sai da keken ɗinkinsa, aka ɗauko su tare. Da ta zo inda tsohon ke shafa keken yana tambaya ko kowa ya fita, muryarta ta karye.

"Wannan sau tara na karanta shi," ta ce, idonta a kan bencin baya. "Na rasa inda zan taɓa."

Da aka tashi, ya same ta a baranda yana murza hula.

"Jan Biro, na yi wauta."

"Babba ma. Ka karanta abin da babu a takarda, ka bar abin da ke gabanka. Sifili na ba ka."

"A ba ni damar sake jarrabawa."

"Sai Baba ya sa hannu."

Baba yana tsaye da takardar Mai Hula, ya sauke tabarau.

"Shekara talatin ina makin. Shafi biyu, ka ɗauko mutum daga wuta, amma ko sau ɗaya ba ka yabi kanka ba." Ya dubi Mai Hula. "Har yanzu ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Na ba ka ita, da sharaɗi ɗaya. Duk wutar da ka shiga, ka dawo gida ka ba ta labarin da bakinka. Kada wani ya zo ya ba ta."

Mai Hula ya durƙusa. Malama ta rufe fuska da fayil.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Abokan aikin ango suka cika layi, 'yan ajin amarya suka cika gida. Baba ya riƙe hannuwansu biyu, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya mai albarka, Allah ya sa duk fitar da zai yi, da ƙafarsa zai dawo. Amin ɗin amarya ya fi na kowa ƙarfi.