Taƙi Ɗaya a Aljihun Ƙasa

Uzairu, Sagiru, Rukayya, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Sau ɗaya zan faɗa.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, innarku Barira, ƙanwata ta Tarai, ta sa Lado kafinta ya haɗa mata durowa mai aljihu uku. Aljihun ƙasa zurfi gare shi, hannu sai ya nutse har gwiwa. Barira ba mai tsari ba ce. Tana cusa kaya ta gaba ta tura, bayan kullum fili.

Shekara shida ba a ji komai ba.

Sai 'yarta Asma'u ta dawo hutu daga makarantar kwana da sabon wayo. Ta zazzage aljihun, ta yanka kwali ta raba shi gida-gida. Ta naɗe atamfofi ta tsayar da su a jere, zannuwan gado can ƙurya, mayafai a gaba. Ko allura ba ta da wurin shiga. Barira ta duba ta ce, "Ke dai da iyayi." A ranta kuwa daɗi ta ji.

Ranar, ana kiran magariba, tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi. Aka yi shiru. Wata ta biyo. Barira ta leƙa waje, babu kowa sai awaki. Da ta koma ɗaki, aljihun ƙasa a buɗe, atamfa ɗaya a yashe.

Kwana tara ana haka. Barira ta mayar, a fitar. Ta mayar, a fitar. Ta rame, abinci ya daina shiga. A na goma Asma'u ta zauna ta jingina da durowar, ta daina amsa sunanta.

Aka ɗauko Malam Mahdi daga Rano bayan la'asar. Ya daɗe yana karatu, rana ta yi ja, kafin yarinyar ta buɗe baki. Muryar tsohuwa ce, a gajiye.

"Ya isa, Malam. Ina ji."

"Wace ce ke?"

"Mai tsamiyar Fammar. Aka sare ta ina ciki, na bi katako. Na samu ɗan lungu na kwanta. Shekara shida, na taɓa wani?"

Barira ta daure ta ce, "Ba ki taɓa ba."

"To don me aka danne ni da zanin gado? Na yi jifa, na fitar da kaya, ba wanda ya gane. Ina zan shiga in ba jikin mai aikin ba?"

Malam ya ce ta fita. Ta ce a yanka mata baƙar kaza.

"Ba ma yanka wa kowa sai Allah. Wannan ki cire rai."

"To a bar mini aljihun duka."

Nan Barira ta manta tsoro. "Duka? Ni in zuba kayana a ina, a kaina?"

"Rabi."

"Taƙi ɗaya," in ji Malam, ya buɗe yatsunsa. "Daga ƙurya. Ki sakar musu yarinya, kada ki sake komawa."

Tsohuwar ta ja dogon numfashi. "Na tsufa da yawo. Na yarda. Amma ranar da aka cike taƙin nan, a jikin wadda ta cike zan zauna."

Barira ta zare zannuwan gado da hannunta, ta auna, ta ja kwalin gaba. Asma'u ta yi atishawa uku, ta ce yunwa take ji.

Shekara goma sha bakwai Barira tana tsaron taƙin nan. Sabon kaya ya shigo, tsoho ya fita, ta bayar. Har ta rasu ba a sake jin tsakuwa ba.

Yanzu Asma'u ta rantse durowar ba za ta shiga gidan mijinta ba, aka jibge mini ita. Jiya na tarar da matarka, Uzairu, a durƙushe da kwali da almakashi, wai za ta gyara mini. Da ƙyar na riƙe hannunta. Ni gwiwata ta mutu, ba zan iya gadin aljihu ba.

Ko ku sa durowar a mota ku kai kututturen tsamiyar Fammar, ko wanda matarsa ke jin magana ya ɗauka. Ku yanke kafin a kira magariba.