Waƙar da Ta Ƙi Rerawa

Tana falo tana goge rigar da za ta saka ranar Lahadi sai ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Mijinta ne, direba, tare da yayansa da ya fito takarar kansila. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa.

"Amaryarmu," in ji Yaya, ko da yake ta daɗe da zama 'yar gida, "muryar nan taki da ke sa mutane hawaye a coci, yau ita nake nema. Waƙar kamfen za ki rera mana, mu ɗora a sifika."

Ya shiga rera mata baitocin. Farkon duk yabonsa ne. Can sai waƙar ta juya kan abokin takararsa: wai mutumin da ba a taɓa jin kukan jariri a gidansa ba, ta yaya zai riƙe jama'a?

Ita ma har yau Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota.

"Yaya, na yabonka zan rera da zuciya ɗaya. Amma wannan — ka yi mini haƙuri. Bakin da nake yabon Ubangiji da shi ba zan yi wa wani gori da shi ba."

"Siyasa ce fa, ba sujada ba."

"Ai mai jin mu a coci shi ne yake jin mu a titi, Yaya."

Ya miƙe ko ruwan bai sha ba.

Washegari surukarta ta kira ta a waya. "Wato ɗana ne marar tsoron Allah, ke ce mai tsarki? To, mun gode."

Aka cire ta daga guruf ɗin iyali na waya. A coci, bencin da suka saba zama tare sai ya cika da jakunkuna in ta doso. Ta koma baya can kusa da ƙofa. In ta tashi rera waƙa, dangin mijinta sai su ɗauke kai.

Duk wannan da sauƙi a kan shirun mijinta. Shi ke tuƙa motar kamfen, a gidan Yaya yake cin abinci. Ita kuwa ta girka na mutum biyu, ta zauna ita kaɗai tana juya cokali har ya huce.

"Kin ba ni kunya," ya ce mata wata safiya yana ɗaura takalmi. "Yaya ne ya koya mini tuƙi, shi ya tsaya mini a aurenmu."

"Na sani, maigida. Amma da ni aka yi wa waƙar nan fa?"

Ya ja ƙofa ya fita. Ta durƙusa a bakin gado tana kuka, ta yi masa addu'a, ta yi wa Yaya.

An samu wata ta rera waƙar. Ranar da aka sake ta, aka ce wa direban ya bi ta layin abokin takarar, ya rage gudu. Matar mutumin tana tsaye a ƙofar gida da tsintsiya a hannu. Ba ta yi zagi ba, ba ta gudu ciki ba. Ta dai ja mayafi tana share ido. Sai ya ga kamar matarsa ce tsaye a wurin. Ya kashe sifikar, ya mai da motar gidan Yaya, ya ajiye makulli, ya tako gida da ƙafa.

Ya same ta tana shanya. Ya tsaya a gabanta.

"Ki yafe mini. Na bar ki ke kaɗai, alhali ke ce mai gaskiya."

"Na yafe tun ba ka roƙa ba," ta ce. "Ka ci abinci?"

Yaya ya ci zaɓe, ya daɗe kuma bai kula su ba. Amma direban ya je wurin mahaifiyarsa ya ce, "Mama, gorin nan da muke ta yawo da shi, a gidana yake sauka." Da yamma sai ga tsohuwar ta zo da kanta, ta kama hannun surukarta ta ce, "'Yata, ban yi tunani ba."

Gaskiya takan bar mutum shi kaɗai na ɗan lokaci, amma Ubangiji ba ya barin mai riƙe ta. Wanda kuwa yake ƙaunar maƙwabcinsa kamar kansa, ko a siyasa ba ya taka masa inda yake ciwo.