Muryar da Ta Rage a Kwamfuta

Rana ta yi ja, kaji sun shige akurki, sa'ad da mai gyaran rediyo ya kwance tsohuwar kwamfutar marigayiya matarsa. A cikinta kaɗai muryarta ta rage, wata 'yar hira da ta ɗauka tana yi wa jaririyarsu wasa. Muryar ta fara sarƙewa, shi kuwa, da karambanin masu gyara, ya ɗora laifin kan furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar. Ya cire tsohuwar, ya wurga ta cikin toka a bayan ɗaki, ya dasa mai sauri.

Fanka ta juya, allo ya ƙi kawowa. Ya bi ƙafafun ƙwaƙwalwar ɗaya bayan ɗaya ko wata ta lanƙwashe, ya rage mata wuta, ya sake kunnawa. Shiru. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Sai na biyu.

Kwana uku ana jifa kowace magariba. A na huɗu 'yarsa ta zauna a bakin ƙofa, ta kira shi da muryar uwarta. Sukudireba ta suɓuce masa. Abin tausayi, ba tsoro ya ji ba, daɗi ya ji. Sai da yarinyar ta daina cin abinci ya kira malam.

Malam ya daɗe yana karatu kafin bakinta ya buɗe.

"Shekara tara ina kwance a ɗumin abin da ya jefar," in ji aljanin da ya shiga jikinta. "Kullum da yamma yana kunna matar nan yana kuka, ni ina saurare. Na saba da ita."

"Fita ka bar yarinya," in ji malam.

"Zan fita. Amma da muryar zan tafi. Ko ita, ko yarinyar."

Malam ya dubi uban. Uban ya dubi wuyan 'yarsa da ya rame.

"Ɗauki muryar," ya ce.

Yarinyar ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Da safe ya tono tsohuwar ƙwaƙwalwar, ya miƙe ƙafafunta da allura, ya mayar. Kwamfuta ta tashi. Ya kunna hirar: dariyar jaririya, sai shiru, sai wata dariyar.

'Yarsa ta jingina da kafaɗarsa. "Baba, me Mama ta ce nake dariya?"

Kalmomin yana da su duka. Ya faɗa mata, da tasa muryar.