Ƙarƙashin Motar Malam Hilary

Sufeto Terver bai ko buɗe kwanon sakwararsa ba, sai ga wani dattijo ya shigo caji ofis a jiƙe sharkaf, ya ɗora hannu biyu a kan kanta, ya ce a ɗaure shi, ya kashe mutum.

Terver ya ture kwanon gefe. Ya tsufa a aikin nan, gwiwarsa ta dama ba ta ƙaunar damina ko kaɗan, kuma tun safe yake fama da rigimar iyakar gona daga Assakio. Wannan kuma daga ina?

Dattijon shi ne Malam Hilary, tsohon hedimasta mai fansho. Ya ce tsohuwar Golf ɗinsa ce ta fara ƙas-ƙas in ya sha kwana. Bakanikensa Ashemi na unguwar Bukan Sidi ya duba ya ce robar shaf, ƙarfen da ke juya taya, ce ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga, sai an canja. Ya bar masa motar da safe. Bayan azahar ya koma, ya yi ta kira shiru, ya ɗauka mutumin yana masallaci. Ruwa ya sauko, shi kuma ya buɗe ƙofa ya zauna a ciki don ya fake. Zamansa ke da wuya motar ta sauka daga kan jak. Da ya zagaya ɗaya gefen, sai ya ga ƙafafu.

"Abokina ne, Oga," in ji shi. "Tun mota ɗin yana sabo shi ke gyara mini. Ni na danne shi."

Terver ya sa a zaunar da shi bayan kanta. Tausayi ya ji, amma tausayi ba ya rufe kes. In ba a samu wani bayani ba, tsohon nan sai ya tsaya gaban alƙali kan kisa, kuma da bakinsa ya kawo kansa.

Garejin rumfar kwano ce kawai, jingine da katangar wani gida. Mutanen unguwa sun riga sun ɗaga motar sun jawo gawar, sun lulluɓe ta da zane. Kofur Bubayero, wanda ya rako sufeton, ya kora su baya.

Terver ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaga zanen. Hannayen ya fara kallo. Fes suke, har ƙarƙashin farce, suna ƙamshin omo. Bakaniken da ke tsakiyar canja robar shaf kuwa, baƙin giris har gwiwar hannu yake kai masa.

Ya leƙa inda aka cire tayar hagu. Babu shaf. Sababbin robobi biyu suna kan benci kusa da gwangwanin giris, tsofaffin yagaggu suna ƙasa.

"Bubayero, in an riga an zare shaf, a ina ake sa masa roba?"

"A kan benci mana, Oga. Ko a ƙasa."

"To me ya kai shi ƙarƙashin mota?"

Suka birkice garejin kaf, har cikin ciyawa, ba shaf ba dalilinsa. Ɓarawo dai ba zai bar batir da akwatin sifana ya ɗauki tsohon ƙarfe mai giris ba.

Likitan da ya duba gawar ya ƙara dagula lamarin. Ya ce motar a ƙirji ta faɗo, amma akwai rauni babba a ƙeya, na dukan ƙarfe, har da baƙin maiƙo a gashin. Wanne ne ya ɗauki ran? Likita ya ɗaga kafaɗa, ya ce kowanne cikinsu ya isa.

Washegari Terver ya shiga gidan da ke bayan katangar. Gidan Ari ne, manomin doya, gonarsa tana Kwandere. Matarsa Rabi'a, mai sayar da kunun zaƙi, tana tsakar gida mai ruwa yana juye mata jarkoki a randa. Ga kuma rijiya can jikin katanga, an rufe ta da kwano an danne da dutse.

Ta ce maigida yana gona tun asubar jiya, bai dawo ba sai magariba. Ta ce ba su ji komai ba, ruwan sama ya hana.

"Kina da rijiya kina sayen ruwa?"

"Ta ƙafe."

"A watan Agusta? A Lafia?"

Ta sunkuyar da kai. Terver ya gaji da irin wannan ƙarya wadda ko gishiri ba a sa mata ba. Ya zauna a kan turmi yana murza gwiwa, ya ce Bubayero ya ɗaga kwanon. Rijiya ta cika har wuya, maiƙo yana shawagi a samanta.

Aka aro ƙugiya daga maƙwabta. Ta fito da tsohon guga, ta fito da takalmi ƙafa ɗaya, can sai igiyar ta yi nauyi. Shaf ne, laka da giris sun lulluɓe shi.

Ana cikin haka Ari ya fito daga ɗaki, ashe yana ciki tun shigowarsu. Dogo ne, ya manyanta, idanunsa sun yi ja. Da farko ya ce wani ne ya jefo ƙarfen ta kan katanga. Terver ya tambaye shi ko wannan wanin ne kuma ya shigo ya rufe rijiyar ya ɗora dutse. Ari ya dubi matarsa, ya dubi ƙarfen, ya zauna daɓas a ƙasa.

Labarin da ya bayar ba mai tsawo ba ne. Mahaifinsa ne ya haƙa rijiyar, unguwa duka a nan take sha. Tun da Ashemi ya kafa rumfa, baƙin mai da fetur ɗin wanke ƙarfe a gindin katangar yake zubarwa. Ruwa ya fara wari, masu sayen kunun Rabi'a suka gudu, jikarsu ta yi ta ciwon ciki. Ya je wajen mai unguwa, ya je wajen duba-gari, kowa ya ce a yi haƙuri. Jiya ya leƙa ya tarar da Ashemi ya tuntsurar da kwanon fetur ɗin da ya wanke shaf a daidai wurin, yana wanke hannu zai yi alwala.

"Na yi masa magana, ya yi dariya. Wai in sayi fiya wata." Ya nuna shaf ɗin. "Ƙarfen ne kusa da hannuna. Sau ɗaya ne, wallahi."

Daga nan tsoro ya kama shi. Ya ja Ashemi ƙarƙashin motar, ya zare kututturen da aka tokare ta da shi, amma bai san yadda ake sauke jak ba. Yana cikin kokawa da shi ya ji muryar Malam Hilary daga titi, sai ya ɗauki shaf ya tsallake katanga.

"Da ka ja shi, yana numfashi?" in ji Terver.



"Yana nishi," Ari ya ce a hankali.

Terver ya kau da kai. Da ma bai yi tambayar ba.

A caji ofis Malam Hilary yana nan kan bencin da aka bar shi jiya. Bai taɓa abincin da 'yarsa ta kawo ba, kuma daga ganin idonsa bai rintsa ba. Terver ya yi masa bayani a taƙaice, ya ce ya tashi ya je gida, an kama wanda ya yi dukan. Dattijon bai motsa ba.

"Oga, gaya mini abu ɗaya. Lokacin da na zauna a mota ɗin, ya riga ya mutu?"

Ari yana tsaye a bakin kanta da ankwa a hannu, ana cire masa hula da takalmi. Kafin Terver ya amsa, shi ne ya juyo.

"Ya riga ya cika, Malam," ya ce. "Ni na kashe shi. Gawa ka danne."

Malam Hilary ya rufe fuska da tafin hannu, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Bubayero, wanda da kunnensa ya ji abin da aka faɗa a gindin rijiya, ya ɗago ya dubi sufeton. Terver bai kalle shi ba. Ya yi nuni da hannu kawai, kofur ya riƙe damtsen Ari ya wuce da shi sel.