Jan Zare a Farantin Baba

"Gobe da asuba motar masu tsinkar zaitun za ta tashi, Sagrario. Ki biyo ni mu yi aure a can!"

"Rage murya, Fermín..."

Muna bayan gida, kwandunan furen za'afaran a gabanmu. Fermín ɗan ci-rani ne, daga gonar inabi ya zo mana. In motar nan ta wuce shi, ba shi da aiki sai bazara.

"Baba fa?" na ce. "Idonsa ya tafi. Jan zaren furen, wanda shi ake sayarwa, yake zubarwa ƙasa, yana tara shara a faranti. Ni nake tsincewa a ɓoye. Wa zan bar wa shi?"

"Ni kuma fa, abar ƙaunata?"

Na ɗauki kwando na shige gida.

Furen nan ba ya kwana, ranar da aka tsinke shi ake cire zarensa. Muka zagaye tebur da Baba da Gwaggo Obdulia da maƙwabta, yatsunmu duk sun rine. A garinmu, saurayi kan cire jan zare ya zuba a farantin wadda yake so, a gaban kowa. In ta bari, ta amince.

Fermín ya shigo, ya ɗauki fure. Na rufe farantina da tafin hannu, hawaye na zuba.

Sai ya wuce ni, ya zuba zaren a farantin Baba.

Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai yaro, rana ta buge ka ne? Tsohon nan kake zawarci?"

"Ba kuskure na yi ba, Gwaggo. Motar ta tafi abinta, ni ina nan."

"To me za ka ci kafin bazara?"

"Ban sani ba..."

Baba ya lalubi farantin har ya taɓa zaren.

"Sagrario, tun bara nake jin ki kina tsintar abin da na zubar. Ido ne ya tafi, ba kunne ba. Ɗauke hannunki, 'yata."

Na ɗauke. Baba ya juye mini zaren a farantina a hankali, rabi ya zube a kan tebur.

Babu wanda ya yi dariya. Ni da Fermín muka sunkuya muna tsincewa tare.