Takalmin da Ba Ƙafa a Cikinsa

Auta na zaune a bakin gado, ta ci kwalliya, idonta a kan waya. Yamma ta yi, saurayinta Ticha bai zo ba. Jiya ma haka, shekaranjiya ma haka. In ta kira, sai wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse.

"Umma, wallahi ba lafiya ba!" ta ce. "Mutumin da ko ruwan sama ba ya hana shi zuwa?"

Umma ta ɗago daga ninkin kaya. "Yi haƙuri, 'yar nan. Malamin firamare ne, ƙila jarrabawar yara ce ta riƙe shi."

Sai ga yayanta ya fito daga falon baƙi, hannu a aljihu, yana taku ɗai-ɗai. Manaja ake ce masa. Ba don ya taɓa riƙe ko teburin ashana ba, sai don tun da ya shiga sashen kasuwanci a jami'a gidan ya rasa sakat. Ya sake wa Umma jerin tukwane, ya ce cefanen Baba ba strateji, har kajin gidan ya ce ba su da taget.

"Share hawayenki, Auta," ya ce. "Kasuwa ce ke motsi."

Suka ɗauka shirmensa ne da aka saba. Da sun sani!

Abin da ya faru shi ne, lakcara ya koya musu cewa kwastoma ba ya ganin darajar kayan da ba mai tayawa, amma da ya ga wasu na rububinsu sai ya zaro kuɗi jiki na ɓari. 'Yan aji suka rubuta suka watse. Manaja kuwa ya dawo gida, ya dubi ƙanwarsa, ya ga haja. Ticha ya daɗe yana zuwa zance, manya sun gaisa, amma maganar sa rana shiru, wai sai ya gama rufin ɗakinsa.

Gogan naka ya je shagon abokinsa ya aro takalmi baƙi wuluk, mai tsini, mai sheƙi kamar madubi, irin na masu ofis mai sanyi. Kullum da yamma sai ya jera shi a ƙofar falon da ke kallon titi, ya saki labule, ya fesa turare, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Ranar farko ma shi ya tari Ticha a bakin ƙofa.

"Ticha, yau fa akwai babban baƙo. Ka gane ai."

Ticha ya dubi takalmin, ya dubi nasa da ya sha ɗinki, ya juya kan babur ɗinsa.

Ranar hutun mako da hantsi, sai ga Ticha da kawunsa, riguna sun sha guga, suka yi sallama da Baba aka shiga falo. Manaja ya hango su ta taga, ya daka tsalle, ya faɗa kicin inda Umma da Auta ke wanke-wanke.

"Ku tafa min! Na ce ku tafa min! Kwastoma ya kawo kansa, har da kawu! Yau za a sa rana, kuma aikina ne!"

"Wane aikin?" in ji Umma.

Mai son yabo ai cikinsa ba ya riƙe magana. Tiryan-tiryan ya zayyana musu, takalmi, turare, rediyo, yana yi yana bugun ƙirji. "Wannan shi ake kira maketin, Umma. Ƙanwata ba kayan gwanjo ba ce!"

Kwano ya suɓuce daga hannun Auta. "Yaya — ni ce kayan? Ni ka kasa a faranti? Kana kallona ina kuka, kana cin abincinka?"

Kafin ya amsa, muryar Baba ta tsaga gidan. "Auta!"

Ta shiga ta durƙusa. Ticha ya sunkuyar da kai. Kawu ya gyara zama, fuska ba annuri.

"Maimaita a gabanta," in ji Baba.

"Janyewa muka zo yi," in ji Kawu. "Ɗanmu talaka ne, amma ba zai yi layi a ƙofar gida ba. Tunda yarinya ta samu mai babban takalmi, Allah ya sa albarka."

Baba ya juyo kan Auta. "Wane ne yake shigar min gida ban sani ba? Ni za ki mayar ƙaramin mutum a gaban baƙi?"

"Baba, wallahi ban san kowa ba sai shi!" Hawaye ya ɓalle mata.

Aka yaye labule. Umma ce, hannu ɗaya riƙe da kunnen Manaja, ɗayan riƙe da takalmin. Ta dangwarar da shi a tsakiyar tabarma. "Ga surukin naku. Ga kuma waliyyinsa."

Kawu ya ɗauki ƙafa ɗaya, ya zura hannu, ya zaro dunƙulen takardar shago. Ƙasan takalmin fes, ko ƙasa bai taɓa takawa ba.

"Baba, ka tsaya ka ji," in ji Manaja. "A tiyori daidai nake! Matsalar kwastoman ce, bai..."

"Rufe min baki, shashasha! Na tura ka ka koyo sayar da kaya, ka dawo kana tallar mutuncin gidana? Malamin naku bai gaya muku ƙarya ba ta riƙe ciniki ba? Ko ranar kana barci?"

Ticha ya ɗago da murmushin jin kunya. "Auta, ki yafe..."

"Kai ma dakata!" Ta share ido da gefen mayafi. "Takalmi ya kore ka? Ba ka ga mutum ba, ba ka ji daga bakina ba, na kira ka ƙi ɗauka! Da hula aka rataya, ƙasar za ka bari?"

Dariya ta ƙwace wa Kawu har da tari. "Ta yi gaskiya! Ɗana, ka ji kunya. Fatar saniya ta kore ka daga neman aure!"

"Na yi kuskure," in ji Ticha a hankali. "Gani na yi ta fi ƙarfina."

"Da ka tambaye ni, da na gaya maka wanda na zaɓa," ta ce, ta sunne kai.

A zaman nan aka sa rana, rufin ɗaki ya biyo baya. Manaja kuwa, Baba ya ɗaure takalmin da igiyarsa ya rataya masa a wuya, ya ce ya taka da ƙafa har gidan su Ticha ya ba mahaifiyarsa haƙuri, sannan ya mayar wa mai shago kayansa. Tun daga ranar unguwa ta sauke shi daga Manaja, ta naɗa shi Mai Takalmi.

Ilimin kasuwa abin nema ne, amma zuciya ba haja ba ce, ba a tayar da farashinta da ƙarya. Wanda kuma yake so da gaske, in ya ga takalmi a ƙofa, ya yi sallama ya ga mai shi tukuna.